Wanda Ke Katse Kiɗan Asabar

Ranar da ya fara ganinta, mikisa ce, na'urar haɗa sautin kiɗa, rungume a ƙirjinsa kamar jaririyar da zazzaɓi ya kama. Ɓangaren hagu ya daina fitar da sauti, ga shi yana da aikin biki ranar Asabar. Wani abokin sana'a ne ya kwatanta masa shagon gyaran, a ƙasan wani bene, tsakanin mai sayar da tabarau da mai ɗinkin labule.

A gida Auta ake ce masa, a wajen aiki kuma DJ. Ya yi sallama yana leƙen dattijon da aka ce shi ne mai shagon. Dattijon na can ciki yana fama da wata tsohuwar amfilifaya. Wadda ta ɗago kai daga teburin gaba budurwa ce, ƙarfen solda a hannunta, siririn hayaƙi na tashi ta gefen fuskarta.

"Ajiye ta nan," ta ce. "Me ya same ta?"

"Mai shagon nake nema."

"Abba ba ya taɓa abin da aka ƙera bayan an haife ni. Ni ce likitarta."

Ya ajiye. Ta kwance kusoshi takwas, ta jera su a murfin kwalba, ta hura ƙura, ta ɗiga dalma a wuri biyu. Shi kuwa ya tsaya yana kallon yatsunta, har ya manta abin da ya kawo shi.

"Sai mu gwada. Ina kwamfutarka?"

Ya bar ta a gida. Ta turo masa tabulet ɗin shago, wanda take duba zanen na'urori a ciki, ta ce ya shiga manhajar da yake ɗauko waƙoƙi. Nan ya tsaya, yatsa a sama.

"Wacce daga ciki?" ya tambaya.

"Ni kake tambaya? Guda nawa gare ka?"

Uku ne. Ya shiga yi mata bayani kamar mai kare kansa gaban alƙali. Mai tambarin tsuntsu ta fi kowa yawan waƙoƙi, tsoho da sabo, amma sai da netwok take aiki. Mai tambarin ganga don masu sana'arsa aka yi ta, tana bari ka ajiye waƙa a kwamfuta ko babu netwok, sai dai rumbunta bai kai na tsuntsu ba. Mai tambarin jinjirin wata tana da sabbin haɗe-haɗen da matasa ke so, amma waƙar da ka gani yau, gobe ka neme ta ka rasa. Duka ukun yana cikin gwajinsu na kyauta, kuma kullum ya ce ya zaɓa, sai ya tuna abin da zai rasa.

"Tun yaushe?"

"Wata biyu… da ɗan wani abu."

Ta yi dariya har da dafa tebur. "To Malam Gwaji, shiga tsuntsun mu ji."

Ya shiga, ya sa waƙa. Sauti ya fito ta hagu da dama, garau. Ya ɗauki mikisarsa ya tafi da murna, bai ko tuna ya fita daga asusun ba.

Bayan kwana uku ya dawo da hedifon da babu abin da ya same shi. Ta juya shi, ta sa a kunne, ta miƙa masa.

"Lafiyarsa ƙalau. Mai shi ne dai nake ga ba lafiya."

Daga nan aka fara. Ta ba shi lambarta don "maganar gyara", maganar gyara kuwa ta yi ta tsawo. Ya ce mata Injiniya, ta riƙe masa Malam Gwaji. Wata safiya ya haɗa jerin waƙoƙi goma sha biyu a manhajar tsuntsu, ya tura mata saƙo:

"Injiniyata, na kasa faɗa da baki, sai na jera miki su. Ga kalmar sirrin asusuna, ki shiga da wayarki. Ki fara daga ta farko, kada ki tsallake ta bakwai."

Sai da aka yi awa biyu amsa ta zo:

"Na ji ta bakwai sau uku. Na ƙona yatsa da solda saboda kai. Ka zo ka ga ɓarnar da ka yi."

Ya je ya gani. Ƙunar ba ta kai ƙwayar gero ba, amma sai da ya yi mata sannu ya fi sau goma.

A cikin wannan daɗin ne kiɗansa ya fara katsewa.

Asabar ce, wajen ƙarfe huɗu na yamma, a babban ɗakin taron da ya fi samun aiki. Amarya da ango sun fito tsakiyar fili, ƙawaye sun kewaye su, sai kiɗa ya ɗauke ɗif. Ya danna, ya dawo. Minti ɗaya, ya sake ɗaukewa. Sau huɗu aka yi haka. Wata gwaggon amarya ta tako har gaban teburinsa ta tambaye shi ko aron kayan ya yi.

Ya ɗora laifin a kan netwok, ya sayi sabuwar na'urar intanet. Asabar ta gaba aka sake. Ya ɗora a kan kebul, ya canza duka. Ya mayar wa Injiniya mikisa, ta buɗe ta ciki da bai, ta ce babu abin da ya same ta. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, Laraba lafiya, Lahadi lafiya, ko Asabar ɗin ma da safe lafiya. Ƙarfe huɗu na bugawa sai abin ya tashi.

"Ka koma ganga mana," in ji yayarsa, wadda yake zaune a gidanta. "Ba ka ce ita ba ta buƙatar netwok ba?"

"Yaya, rabin waƙoƙin da iyayen amare ke nema babu su a can."

"To mai tambarin watan fa?"

"Ita kuma ba ta da tabbas."

"Auta, kai ko takalmi aka ba ka biyu sai ka fita da ƙafa ɗaya-ɗaya. Allah ya shirye ka."

Manajan ɗakin taron mutum ne mai tsabta da ƙamshin turare, kuma a shagon su Injiniya ake gyara masa sifikoki. Ya daɗe yana kawo kayan da kansa, alhali yana da ma'aikata. Auta ya taɓa tarar da shi jingine da teburinta, wayarta a hannunsa, wai yana sa mata sabuwar lambarsa. Shi ne ya kai wa dattijon labarin Asabar, bai rage komai ba.

Saboda haka ranar da Auta ya yi wanka, ya sa rigarsa mafi kyau, ya je ya durƙusa gaban mahaifinta neman aurenta, dattijon bai ko ajiye sukundirebar da ke hannunsa ba.

"Na ji saƙonka," ya ce. "Ɗan nan, ni ma na yi irin sana'arka tun ba a haife ka ba. Lasifika nake ɗauka a kai, kasakasaina a jaka. Abin da zan sa wa jama'a yana hannuna, ina iya taɓa shi. Kai kuma an ce min hayar waƙa kake yi daga iska, hayar ma ba ka tsayar da wajen wanda za ka yi ba. Yau nan, gobe can, duk gwaji. Kuma an ce kana barin amarya tsaye a fili babu kiɗa."

"Baba, matsala ce nake kan…"

"Mutumin da ya kasa tsayar da kayan aikinsa, gida zai tsayar? 'Yata ma gwajin wata uku za ka yi da ita?"

Dattijon ya juya sukundirebar a hannunsa, ya ci gaba.

"Ba zan zaɓa mata miji ba, babba ce, ta fi ni sanin abin da take so. Manaja ma ya yi min magana, na ce masa haka. Amma albarkata tawa ce, kuma ban ga inda zan ɗora ta a kanka ba tukuna."

Yana fita saƙonta ya shigo:

"Na ji komai ta bayan labule. Ba na son kowa sai kai, masoyi. Amma ba zan shiga gidan da Abba bai sa wa albarka ba. Ka gano abin da ke katse maka kiɗa, don Allah."

Asabar ɗin da ta biyo baya ya gano rabi. Da kiɗan ya ɗauke, maimakon ya yi ta danne-danne cikin firgici kamar da, sai ya tsaya ya karanta ɗan rubutun da ke fitowa a ƙasan allo ya ɓace. An dakatar, ana amfani da asusunka a wata na'ura. Ashe manhajar tsuntsu ba ta barin asusu ɗaya ya yi waƙa a wuri biyu lokaci guda. Duk wanda ya danna daga baya, shi ke ƙwace ta.

Da ya koma gida ya buɗe tarihin abin da aka saurara. Kowace Asabar, daga ƙarfe huɗu, ga wasu tsofaffin waƙoƙi na shekaru arba'in baya, waɗanda shi bai taɓa nema ba. Kansa ya ƙara kullewa. Mutum ɗaya ya ba kalmar sirrinsa a duniya. Ita kuma ranar Asabar da yamma tana ajin ƙarin karatu. To wa? Sai hoton Manaja da wayarta a hannu ya faɗo masa.

"Ka canza kalmar sirrin kawai ka huta," in ji yayarsa.

"In na canza, kamar na rufe mata ƙofa ne."

"To ka tambaye ta cikin hankali."

Bai tambaya cikin hankali ba. Ya rubuta:

"Wa kika ba kalmar sirrina? Na ga wayarki a hannun Manaja ranar nan. In shi kika zaɓa ki faɗa min, ba sai an kashe min sana'a ba."

Amsar ba ta ɓata lokaci ba:

"Ban ba kowa ba. Na goge manhajar daga wayata yanzun nan. Watanni ka yi kana auna manhajoji uku don kada ka zalunci ɗaya, ni kuma minti nawa ka ɗauka kafin ka yanke min hukunci? Kada ka sake kirana."

Ya kira sau tara, ba ta ɗauka ba. Ana cikin haka Manaja ya aiko masa cewa Asabar mai zuwa sun ɗauki wani DJ ɗin, sai abin da hali ya yi.

Kwana shida ya yi yana zagaye ɗaki. Ya buɗe shafin canza kalmar sirri ya rufe ya fi a ƙirga. In ita ce, me ya sa za ta yi? In Manaja ne, me ya haɗa shi da waƙoƙin kakanni? In ba su ba ne, to aljanu ne ke da asusu?

Ranar Asabar, da yake ba shi da aiki, ya yanke shawarar zuwa shagon ya jira ta dawo daga aji, ko zagi ne ya sha. Ya sa abin ji a kunne, ya kunna jerin nan na waƙoƙi goma sha biyu, ya kama hanya a ƙafa. Yana shan kwanar layinsu waƙa ta bakwai ta ɗauke.

Ya duba agogo. Huɗu da minti biyar.

Ya danna da haushi, ta dawo. Taku goma, ta sake ɗaukewa. Lokacin ya iso ƙofar shagon, wadda aka rufe rabi. Daga ciki wata tsohuwar murya ce ke tashi a hankali, da kiɗa mai taushi irin na da. Ya cire abin kunnensa, ya dubi wayarsa, ya dubi ƙofar. A hankali ya sa yatsa ya danna.

Waƙar cikin shago ta tsaya.

"Kai!" in ji muryar dattijon. "Ya sake, ɗan banza!"

Aka yi ɗan motsi, tsohuwar waƙar ta dawo, ta wayar Auta ta mutu.

Ya daɗe tsaye a wurin, bai san ko dariya zai yi ko kuka ba. Sannan ya yi sallama.

Dattijon na kishingiɗe a kujerarsa, tabulet ɗin shago a kan cinya, an jona shi da tsohuwar amfilifayar nan. Ya yunƙura zai ɓoye, ya ga an riga an gani, sai ya gyara murya.

"Ba ta nan."

"Na sani, Baba. Jira na zo yi."

"To tunda ka zo, matso. Kai ka san kayan iskan nan. Wannan abin yana da taurin kai. Ina cikin ji sai ya tsaya, in danna, ya sake tsayawa. Wata Asabar ɗin sai da na danna ya fi sau goma, na ce mu ga wanda zai gaji, ni ko shi."

Auta ya tuna gwaggon amaryar nan. Ya durƙusa gefen kujerar.

"Yaushe ka fara ji, Baba?"

"Wata biyu ke nan. In ta tafi ajinta, kasuwa ta yi sanyi, na ce bari in ga me yaran nan ke gani a ciki. Na rubuta sunan wani mawaƙi da wasa, sai ga shi." Ya shafa gefen tabulet ɗin. "Kasakasaina ɗari uku da wani abu, ruwa ya shiga ɗakin ajiya shekarar da aka haife ta, ko ɗaya bai tsira ba. Na ɗauka ni da muryoyin nan sai a mafarki. Kada ka gaya mata, kullum ina zagin abin a gabanta."

Da Auta ya so, da ya yi shiru, ya koma gida ya canza kalmar sirri, kiɗansa ya gyaru, dattijo bai ji kunya ba. Amma da zargin ya zauna a kan wadda ba ta ji ba ba ta gani ba.

"Baba, ka yi haƙuri, zan nuna maka wani abu. Ka sa waƙarka."

Ya sa. Auta ya ɗaga wayarsa yadda zai gani, ya danna. Amfilifaya ta yi tsit.

"Asusuna ne a cikin tabulet ɗin, tun ranar da na kawo mikisa. Na manta ban fita ba. Mutum biyu ba sa ji lokaci ɗaya. In ka danna a nan, tawa ta tsaya a can. In na danna a can…"

Dattijon ya cire tabarau. Ya dubi tabulet, ya dubi wayar, ya dubi saurayin da ke durƙushe.

"A can ina?"

"A wajen biki, Baba."

"Ɗan banzan da nake zagi duk Asabar…"

"Ni ne, Baba."

"Wanda kuma ya bar amaren mutane tsaye a fili…"

Auta ya sunkuyar da kai. "Mu biyu ne muke ja."

Can dattijon ya ce, "Inna lillahi," ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suka fara rawa. Auta ya tsorata, sai da ya lura dariya ce.

Da ya natsu ya goge ido ya ce, "Da ka ga ana shigar maka, me ya hana ka canza makulli?"

"Na ba ta kalmar sirrin. Ban so ta zo ta tarar na rufe."

"Amma ka iya zarginta. Kwana shida ba ta cin abincin kirki."

"Wannan laifina ne ni kaɗai. Ba na netwok ba, ba na manhaja ba."

Dattijon ya jinjina kai. "To yanzu wacce za ka riƙe? Ko sai an ƙara wata uku?"

Abin mamaki, amsar na nan a bakinsa kamar ta daɗe tana jira.

"Ganga, Baba. Zan biya ta, in sauke waƙoƙin aiki su zauna a kwamfutata, ba ruwana da netwok, kuma babu wanda zai san kalmar sirrinta. Abin da babu a cikinta zan saya in ajiye. Mai tambarin watan na sallame ta yau. Tsuntsun kuma a nan zai zauna, naka ne."

"Ban roƙe ka ba."

"Ba ka roƙa ba."

"Ɗayar maganar fa, ta 'yata?"

"Ita ban taɓa haɗa ta da kowa ba, balle in auna."

Ana haka ta shigo, jakar littattafai a kafaɗa. Ta ga Auta, fuskarta ta ɗaure. Ta ga tabulet a cinyar mahaifinta, ta tsaya.

"Abba, me kake yi da wannan?"

"Zauna, uwata," ya ce. "An kama ɓarawon, kuma a gidanku yake."

Shi ya ba da labarin da bakinsa. Ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, amma da aka zo wajen dannawa sau goma sai ta kife a kan tebur tana dariya har da hawaye. Da ta ɗago ta dubi Auta, dariyar ta tsaya.

"Kai kuma ban gama da kai ba."

Kwana huɗu ta bar shi yana aiko da ban haƙuri. A na biyar ya rubuta:

"Hasken idona, na yi miki zargin da ba ki cancanta ba. Ba ni da hujja, tsoron rasa ki ne ya rufe min ido. In kin yafe, ba zan sake yanke hukunci ban tambaye ki ba."

Ta amsa:

"Na yafe, ruɗaɗɗena. Gobe ka zo da yayarka, Abba ya ce yana son ganin manyanka."

Dattijon da kansa ya kira Manaja ya warware masa abin da ya faru, ya kuma gaya masa cewa yarinya ta yi zaɓinta. Manaja ya ja numfashi, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Bayan sati biyu ya mayar da Auta kan aikinsa, don iyayen amare sun fara tambayar ina yaron nan mai ladabi.

Watanni huɗu bayan haka aka ɗaura aure, da hantsi, cikin 'yan uwa da abokan sana'a. A wajen walima wani abokinsa ne ya riƙe kiɗa. Ango na zaune kusa da amaryarsa, amma kunnensa na can wajen sifika. Da abokin ya makara wajen haɗa wata waƙa da ta bayanta, sai ya yunƙura zai tashi. Ta damƙe gefen rigarsa ba tare da ta daina yi wa baƙi murmushi ba.

"Ina zuwa?"

"Ya bar rugugin bes ɗin ya yi yawa, minti ɗaya kawai…"

"Zauna, angona. Yau kai ake yi wa."

Ya zauna.

Da taro ya lafa, mahaifinta ya kira su gabansa. Ya kama hannun 'yarsa ya sa a cikin na Auta, ya haɗa ya riƙe da nasa biyu, hannuwa masu kanta da tabon ƙuna na shekaru.

"Na ba ka ita da zuciya ɗaya," ya ce. "Allah ya zaunar da ku lafiya. Ya ba ku haƙurin sauraron juna, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku tsufa tare."

Ɗakin ya amsa da amin. Yayar ango ta fi kowa ɗaga murya, tana share hawaye da gefen mayafi. Amarya ta sunkuyar da kai, ta matse yatsun mijinta a hankali, shi ma ya matse nata.